Ziyara ko Yawon Buɗe Ido? Sharhi a kan Yadda Ake Kallon Makwantan Sarakuna

1.0 Gabatarwa

Wata rana muka ɗauki ɗalibanmu na ajin nazarin al'adu muka nufi Gidan Arewa, watau Arewa House, wanda ke kan titin Rabah a Kaduna. Muna sauka daga mota sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, yau ziyara muka zo ko yawon buɗe ido?" 'Yan'uwansa suka yi dariya, mu ma muka yi murmushi muka wuce. Amma da muka koma gida sai muka ga tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin kuwa a gidajen rediyo da jaridu da littattafan makaranta ana musanya waɗannan kalmomi biyu kamar ma'anarsu ɗaya, har ya zamana ana lissafa Hubbaren Shehu a jeri guda da gandun namun dajin Yankari a matsayin wuraren yawon buɗe ido.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a yi sharhi a kan wannan musanya. Za mu nuna cewa yawon buɗe ido ya zo mana da ma'auni wanda aka ƙera a manyan coci-coci na Turai inda ake binne sarakuna, kuma idan aka auna makwantan sarakunanmu da shi, lalle za a ga kamar ba kome a cikinsu, alhali abin da ke cikinsu ba na ido ba ne. Mun zaɓi Kaduna ta zama wurin gwaji saboda dalilan da za su fito nan gaba.

2.0 Kalmomin da Abin da Suka Ƙunsa

Kalmar ziyara ta Larabci ce, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Bahaushe yakan ziyarci ɗan'uwa da malami da maras lafiya, yakan kuma ziyarci kabari. A duk waɗannan akwai wanda aka je dominsa, akwai sallama, akwai kuma abin da mai zuwa yake riƙe da shi, ko goro, ko gaisuwa, ko addu'a. Watau dai mai ziyara baƙo ne, yana da mai masauki, ko da mai masaukin yana ƙarƙashin ƙasa.

Yawon buɗe ido kuwa kalmomi uku ne aka harhaɗa, kuma kowacce tana da nata nauyi. Yawo a Hausa tafiya ce wadda ba lalle ta kasance da inda aka nufa ba, shi ya sa muke da yawon banza da yawon dandi da yawon duniya, kuma ba yabo ba ne a ce da yaro mai yawo. Buɗe ido kuma amfani ne da yake komawa ga mai idon. Babu wanda aka je dominsa a cikin wannan furuci, sai abin kallo kawai. Ba mu ce fassarar ba ta yi ba. Ta yi daidai da abin da aka nufa da ita, kuma ta dace da dutsen Kufena ko ganuwar Kano. Inda muke da magana shi ne lokacin da aka jawo ta aka ɗora a kan kabari.

Su ma sunayen wurin suna da abin lura. Kabari da maƙabarta daga Larabci suke. Kushewa ta Hausa ce tsantsa, jam'inta kusheyi. Hubbare ya samo asali daga ƙubba ta Larabci, ya biyo ta bakin Fulani, kamar yadda ɗafin -re na ƙarshensa yake nunawa. Makwanci kuwa sunan wuri ne daga aikatau kwanta, ƙirarsa ɗaya da mazauni da masauki, kuma yana tafiya da cewar da ake yi wane ya kwanta dama, domin a kan ɓangarensa na dama ake ajiye mamaci yana fuskantar alƙibla. Idan Bahaushe ya ce Allah ya kyauta makwanci, yana magana ne a kan mutumin da yake nan kwance yana jiran tashi. Wanda yake kwance kuwa ba a shiga masa sai da sallama.

3.0 Abin da Turawa Suka Gina Domin Ido

Domin a gane inda ma'aunin ya fito, ya kamata a dubi misali ɗaya da kyau. A arewacin birnin Paris akwai cocin Saint-Denis, inda aka binne kusan dukan sarakunan Faransa tun daga ƙarni na 10. Shugaban wurin, wani malamin coci mai suna Suger, shi ya sake gina sashen gabas aka buɗe shi a 1144, ya sa manyan tagogi na gilashi mai launi domin haske ya cika ɗakin. A 1966 aka mayar da shi babban coci, watau wanda kujerar bishop take cikinsa. Wanda ya shiga yau zai tarar da gumakan dutse fiye da 70 na sarakuna da matansu da 'ya'yansu, kowanne a kwance bisa kabarinsa da kambi da tufafin sarauta. A wasu ma an sassaƙa mutum sau biyu, alal misali Sarki Louis na 12 da matarsa: a sama suna durƙushe da kayan mulki suna addu'a, a ƙasa kuma ga su an sassaƙa su a matsayin gawa, ba sutura. Shiga sashen ibada kyauta ne, amma zuwa wurin kaburburan sai da tikiti. Haka kuma abin yake a Westminster ta birnin Landan, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066: mai zuwa ibada ba ya biya, mai zuwa kallo yana biya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan wurare tun asali an gina su ne domin a gani. Sarki yana so jikokinsa da talakawansa su ga fuskarsa da girmansa bayan ransa. Saboda haka da ɗan yawon buɗe ido ya zo da kyamararsa, bai canza wa ginin aiki sosai ba, ya dai tarar da abin da aka tanadar wa ido ya kalla.

Akwai kuma wani abu game da Saint-Denis wanda yake da muhimmanci ga wannan sharhi. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, aka buɗe kaburburan aka kwashe gawarwakin sarakunan aka zuba a ramuka. Gumakan sun tsira ne saboda an kwashe su zuwa gidan adana kayan tarihi. Sai a 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato, Sarki Louis na 18 ya sa aka tono ƙasusuwan, kuma da yake sun cakuɗe ba a iya rarrabe na wane da na wane, aka tara su wuri ɗaya a ɗakin ƙarƙashin cocin. Ashe ke nan mai kallo a Saint-Denis yana tsaye ne gaban kaburburan da ba kowa a cikinsu. Idonsa ya ƙoshi, amma babu wanda zai yi wa sallama a inda yake kallo.

4.0 Makwantan Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Da farko dai ba a masallaci aka saba binne sarakuna ba, a gida ake binne su. Shehu yana kwance a gidansa na Sakkwato, wanda shi ne Hubbare, kuma 'yarsa Nana Asma'u tana nan kusa da shi. Ƙanensa Abdullahi yana Gwandu. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno, ribaɗin da ya zauna a ciki. A Kano gidan sarki na Nasarawa shi ne makwancin sarakunan baya-bayan nan, kuma can aka kai Alhaji Ado Bayero a 2014. Na biyu, babu gunki, babu hoton fuska, kuma likkafanin sarki da na talaka iri ɗaya ne. Wanda ya je neman abin kallo zai ga ɗaki, da ƙasa, da mutane a zaune.

Ba koyaushe haka abin yake ba. Tuddan Durɓi ta Kusheyi da ke kusa da Mani a ƙasar Katsina, waɗanda aka fara tonawa a 1907 zamanin Sarki Dikko, sun nuna cewa a dā akan tara wa manya ƙasa ta yi tudu, a kuma binne su da kayan ado na ƙarfe da wuri. Sunan wurin kansa ya riƙe tsohuwar kalmar kusheyi. Musulunci ne ya sassauta tudun ya kuma raba mamaci da kayansa, kuma Shehu da kansa, a littafinsa Ihya'us Sunna, ya yi magana a kan bidi'o'in da mutane suka shigar cikin sha'anin jana'iza da kaburbura. Saboda haka rashin ado a makwantanmu zaɓi ne da aka yi da sani, ba gazawar magina ba. Magina irin waɗanda suka tayar da masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba za su kāsa ƙawata kabari ba in da an nema.

To, in ba ido, da me ake sanin wurin? Da kunne. Masu kula da hubbare su ne suke gaya wa baƙo wane ne nan, ɗan wane ne, shekara nawa ya yi, wa ya gāje shi. Mata 'yan taru, waɗanda tsarin karatunsu ya faro daga Nana Asma'u, sun daɗe suna zuwa Sakkwato ƙungiya-ƙungiya, suna ɗauke da waƙoƙin wa'azi da na tarihi a ka. Maroƙa da makaɗan fada suna riƙe da kirarin sarakuna da jerinsu. Abin da Bafaranshe ya sassaƙa a dutse, Bahaushe ya ajiye shi a harshe. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a bakin kabari jin ne yake ba ganin ma'ana, domin in an cire labari, tudun ƙasa ɗaya yake da kowane tudun ƙasa.

5.0 Kaduna a Matsayin Wurin Gwaji

Kaduna gari ne na jiya-jiya. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a ƙasar Zazzau, suka dawo da hedkwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da gidan sarauta mai jerin sarakuna, saboda haka ba ta da kusheyi irin na Kano ko Katsina. Tana da manyan coci-coci a arewacin kogi, watau Saint Michael na ɗariƙar Angilikan, wanda ya zama kujerar bishop ɗin Arewa a 1954, da Saint Joseph na ɗariƙar Katolika, amma wuraren ibada ne na masu rai, ba makwantan sarakuna ba. Haɗin nan na babban coci da kabarin sarki, wanda a kansa ma'aunin Turai ya ginu, babu shi a Kaduna ko kaɗan. Abubuwan da ake nuna wa baƙo su ne zauren Lugard, da gadar ƙarfe ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, da gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu. Duk waɗannan na buɗe ido ne, kuma ba wanda zai yi musu a kan haka.

Amma Kaduna tana da kabari ɗaya na jinin sarauta wanda ya fi gaban garin. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954, jikan Muhammadu Bello ne ta zuriya. An kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu a gidansa ranar 15 ga Janairu, 1966, aka yi musu sutura aka binne su a gidan Sarkin Musulmi da ke Unguwar Sarki. Gidan da aka kashe shi kuwa shi ne ya zama Gidan Arewa a 1970, cibiyar bincike da adana takardun tarihi wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranta a farkonta. A can ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da takardun mulki da hotuna da wasu kayayyakin marigayin.

Abin da ya faru a nan, ko da ba shirya shi aka yi ba, darasi ne. Ayyuka biyun da Saint-Denis ya haɗa a ɗaki ɗaya, Kaduna ta raba su gida biyu. Mai son ya ga kayan Sardauna, ya karanta takardunsa, ya ɗauki hoto, ya yi gardama a kan siyasarsa, yana da inda zai je. Mai son ya yi masa sallama ya roƙa masa gafara, shi ma yana da inda zai je, kuma gida ne mai masu shi, sai an nemi izini. Amsar ɗalibinmu ke nan: ranar nan buɗe ido muka je, da neman ilmi, kuma ba aibi a ciki. Da Unguwar Sarki muka nufa, da ziyara ce, da kuma shirinmu da shigarmu da muryarmu duk sun canza.

6.0 Abin da Za a Iya Cewa

Akwai hujjoji uku da mai ja da wannan ra'ayi zai kawo, kuma kowacce tana da ƙarfinta.

Ta farko ita ce, kalmar ziyara kanta ba a yi ittifaƙi a kanta ba. A masallacin Sultan Bello na nan Unguwar Sarki ne Shaihu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana karatu yana sukar neman tabarruki da kaburbura, kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta ci gaba da wannan suka, malaman ɗariƙu kuma suna da tasu amsa. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta raba wannan gardama. Abin lura kawai shi ne, ɓangarorin biyu sun yarda a je a yi wa mamaci addu'a a tuna da lahira, saɓaninsu a kan abin da ya wuce haka ne. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake ɗaukar kabari abin kallo. Lafazin yawon buɗe ido bai warware gardamar ba, ya dai kauce mata ta hanyar fitar da mamacin daga cikin zancen.

Ta biyu ita ce, wurin da ba a zuwa kallonsa yakan lalace. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi suna kwance a Lakwaja, inda Turawa suka kai su bayan sun tuɓe su. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi a Burmi a 1903. Ɗalibai nawa ne a makarantunmu za su iya faɗin haka? Ajiyar da aka yi a harshe tana mutuwa tare da mai harshen, kuma in mai kula da kabari ya rasu ba a ɗauki abin da ya sani ba, an yi asarar da ta fi ta rushewar bango. A nan laifin namu ne, mu masu nazari. Amma maganin wannan shi ne a rubuta, ba a mayar da wurin kasuwa ba.

Ta uku ita ce, duniya ta riga ta shigar da irin waɗannan wurare cikin lissafinta. Hukumar UNESCO ta sa kabarin Askiya na Gao cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, kuma da aka rusa hubbarorin waliyyan Tambutu a 2012, shari'ar ta kai har kotun duniya ta manyan laifuffuka, wadda ta yanke hukunci a 2016. Wannan kariya ce ta gaske, ba za a raina ta ba. Sai dai kariyar gini ba ta gaya wa baƙo yadda zai shiga. Wannan aikin harshen masu wurin ne.

Akwai misali ɗaya da ya nuna ana iya haɗa gini da kamun kai. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda ya zama wurin tarihi na ƙasa a 1979, an kewaye shi da dogon bango, mai shiga yana bi ta hanya mai duhu kafin ya fito fili inda babu rufi, sai sama. A nan kabarin yake, ba gunki, ba ado. Ginin bai hana ziyara ba, shirya mutum yake yi domin ta.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu. Ɗaya, masu rubuta littattafan makaranta da masu fassara a gidajen rediyo su bar wa makwantai kalmar ziyara, su ajiye yawon buɗe ido domin ganuwa da duwatsu da gidajen kayan tarihi. Biyu, sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu su tura ɗaliban babban digiri su ɗauki bayanan masu kula da makwantai a Sakkwato da Wurno da Gwandu da Katsina da Kano da Lakwaja, a rubuta su da lafazin masu su, a ajiye a cibiyoyi irin Gidan Arewa. Uku, bayanin da za a rubuta wa baƙi ya kasance da Hausa, boko da ajami, kafin kowane harshe, a kafa shi a zaure nesa da kabarin, ya kuma haɗa da ladubban shiga, kamar sallama da tuɓe takalmi da sassauta murya da neman izini kafin ɗaukar hoto. Huɗu, in akwai kuɗin shiga, a karɓe shi a gidan kayan tarihi, kada a karɓe shi a bakin kabari.

Ba mu ce kada baƙo ya zo ba, kowane iri ne shi kuma kowane addini yake bi. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma Bahaushen da ya je Saint-Denis ya kamata shi ma ya shiga da ladabin masu wurin. Abin da muke nema shi ne, in baƙo ya iso ƙofar makwantanmu, ya tarar da kalmar da za ta gaya masa cewa akwai mutum a ciki. Allah ya jiƙan magabata, ya kyauta namu ƙarshe.